Kwantenar farko ta riɗi daga Legas: ina kuɗin ƙananan 'yan kasuwa ke maƙalewa?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Tambaya gare ni. A ce mutum yana da jarin da zai cika kwantena ɗaya ta riɗi, kamfaninsa na da rajista, ga kuma wani daga Turkiyya ya turo saƙo yana neman kaya. Me zai fi sa wa ido? Kullum ana cewa samun mai saye a waje shi ne babban aiki, amma ga mutane suna samun mai sayen, kuma bayan kwantena ɗaya ko biyu sai ka ji shiru.

Alhaji Mai Sito, Ijora:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, mai saye ba shi ne wahalar ba. Riɗin Najeriya ana nemansa a Sin da Japan da Turkiyya da Indiya, kuma duk kaka dillalansu na nan suna yawo tsakanin Dawanau da Apapa. Abin da ke karya ƙaramin ɗan kasuwa shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da ya zube kuɗi a kasuwa da ranar da dala ta shigo asusunsa.

Ɗauki biro. Haɗa kaya da gyara su, sati biyu in komai ya tafi daidai. Tirela daga Kano zuwa Legas, kilomita wajen 1,000, ka ba ta kwana huɗu zuwa sati. Lodi da dubawa da jiran shiga tasha, sati biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Jirgi zuwa tashar Mersin ta Turkiyya kusan wata guda, zuwa gabashin Asiya sati shida zuwa takwas. In yarjejeniyar ta ce sai takardu sun isa bankinsa zai biya, wata uku ke nan kuɗinka na kwance. A ce bashin naira miliyan 35 ne da ruwan kashi 30 a shekara, wata ukun nan kaɗai sun ci miliyan 2 da dubu 625. Yawancin masu lissafin riba a waya ba sa sa wannan layin.

Sai na biyu. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan tan 19, buhu 380 masu kilo 50. Amma tan 19 ɗin na gyararren riɗi ne. Wanda aka ɗauko daga hannun manomi yana zuwa da ƙasa da tsakuwa da kara. In inji ya fitar da kashi 5, tan 20 za ka saya. In ya fitar da kashi 8, sai ka doshi tan 20 da kilo 650. Wanda ya ba Bature farashi kafin ya san dattin kayansa, da aljihunsa zai cike gibin.

Ejan Apapa:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake takardu kamar ba komai ba ne, alhali sati ukun da ya ce ana jira a tasha rabinsa takarda ce ke jawo shi. Ga yadda suke bin juna. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma ta kamfani mai iyakantaccen alhaki ko ƙungiyar gama kai, don NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ba ta ba mai rajistar sunan kasuwanci kawai satifiket. Sai satifiket ɗin NEPC ɗin. Sai ka buɗe asusun dala na kuɗin fitar da kaya a bankinka, daban yake da asusun dalar da kake ajiya. Da rasitin farashi da yarjejeniyar mai saye za ka buɗe NXP, fom ɗin da ake bayyana kayan fitarwa da kuɗinsu, ta intanet, banki ya amince. Ka biya NESS, wato kuɗin duba kayan fitarwa, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan a bakin jirgi. A ce kayan kwantenar na dala 26,600 ne, dala 133 ke nan, ba wani abu ba ne, amma in ba a biya ba masu duba kaya ba za su fito ba, ba kuma za a ba da CCI, takardar shaidar an duba kaya, ba.

Bayan nan sai hukumomin kayan gona: NAQS ke ba da takardar lafiyar tsirrai, FPIS ke duba inganci da nauyi da maganin ƙwari, in kuma kayan an sarrafa su kamar man riɗi ko garin citta, NAFDAC ta shigo. Takardar asalin kaya daga NACCIMA, ƙungiyar cibiyoyin 'yan kasuwa ta ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a loda mota daga Kano kafin NXP ta fito, kafin a kama gurbi a jirgi. Mota ta iso Ikko, babu kwantena, babu inda za a sauke, direba na ƙirga kwana. Kamfanin jirgi kuma da ka ɗauki kwantenarsa babu komai ciki, kwanakin kyauta sun fara tafiya. Sun ƙare, kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum.

Ɗan Maigatari:
To ai shi ya sa nake cewa a daina jawo kaya Ikko a buhu. Ga tashar tsandauri ta Dala a Kano tun 2023, ga ta Kaduna tun 2018. A kawo kwantena can, a loda, kwastan su duba, a liƙe, ta taho kai tsaye. An huta da sauke-ɗora sau biyu, an huta da kuɗin sito a Legas, buhu bai yage ba, laimar Legas ba ta taɓa shi ba.

Ejan Apapa:
Malam, a takarda haka ne. Amma kwantenar da za a kai maka Kano wa zai biya kuɗin tafiyarta babu kaya? Sai dai ka dace da wadda ta kai kayan shigowa arewa tana neman na dawowa, kuma ta kamfanin jirgin da kake so. Mai kwantena goma zai iya tsara wannan. Mai ɗaya yakan jira har jirginsa ya tashi. Kuma ko daga Kano aka liƙo ta, motar sai ta bi layin Eto kafin ta shiga Apapa ko Tin Can, tsarin kiran motoci ta intanet da hukumar tashoshin ruwa ta kawo tun Fabrairun 2021. Ga mai kwantena ɗaya, ni dai shawarata a yi lodi nan, a bi ta tashar Lilypond da ke Ijora inda kwastan suka keɓe runduna don kayan fita, duk hukumomin su duba a zama ɗaya.

Ɗan Maigatari:
Ban ƙi ta taka ba ga mai ɗaya. Amma gyaran kaya dai a arewa za a yi shi. Wanda ya kawo riɗi da ƙasarsa Legas ya biya kuɗin motar ɗauko datti, kuma busasshiyar iskar da za ta sauke masa danshi ya baro ta a baya.

Malama Mai Gwaji:
Nan nake jira a zo. Duk lissafin Alhaji da takardun Ejan suna aiki ne in kayan sun wuce gwaji a can. In ba su wuce ba, ba riba kaɗai ba, uwar kuɗi ma ta tafi, har a ce ka biya kuɗin dawo da su ko na ƙone su.

Abin da mai saye ke rubutawa a riɗi yawanci huɗu ne: tsabta, danshi, yawan mai, da tsamin mai. Tsabta kashi 98 ko 99 injin rairaya na iya kawo ta, amma in ya rubuta 99.95 to sai an bi ta injin Sortex mai tsince launi, kuma asarar nauyi ta ƙaru. Danshi kashi 6 ko 7. Tsamin mai kada ya wuce kashi 2, kuma shi wannan ba a gyara shi: riɗin da ruwa ya taɓa a gona ko tsohon kaya da aka gauraya da sabo, tsaminsa ya riga ya hau. Yawan mai kuma ya danganta da inda kayan suka fito. Farin Maigatari ana son sa don haskensa, na Binuwai da Nasarawa masu matsar mai sun fi nemansa. Kada ka tura samfurin wannan ka loda wancan.

Sai abin da ido ba ya gani. Tarayyar Turai ta sa riɗin Najeriya cikin kayan da take tsananta wa bincike saboda ƙwayar salmonella, sai da takardar gwaji yake shiga, kuma ana ɗibar samfuri biyar masu giram 25, in ta fito a ɗaya an ƙi duka. Daga ina take zuwa? Daga shanya a ƙasa ko bakin titi inda kaji da awaki ke bi, daga kashin ɓera da tsuntsu a sito, daga tsohon buhun abincin kaji da aka sake amfani da shi. Tamfol mai tsabta da sabon buhu da katakon ɗora kaya sun fi duk wani magani araha.

Japan kuma ragowar maganin ƙwari take bi. Duk maganin da ba su sa masa iyaka ta musamman ba, iyakarsa 0.01 ne na miligiram a kilo, wato kusan babu. Darasin wake yana nan: tun 2015 Turai ta rufe wa busasshen waken Najeriya ƙofa saboda sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin fiya-fiyar da ake zuba wa hatsi a rumbu da shaguna. Iyakarsu 0.01 ce, aka riƙa samun daga 0.03 har 4.6. Ba ɗan kasuwa ɗaya abin ya shafa ba, ƙasa gaba ɗaya aka rufe.

Ɗan Agege:
Malama, to ya ake ɗibar samfurin? Dillali ne yakan kawo a leda.

Malama Mai Gwaji:
Ledar dillali ba samfuri ba ce, talla ce. A sa bututun soka buhu, a ɗiba daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasan jeri, a zuba wuri ɗaya a gauraya, a raba uku. Ɗaya ɗakin gwaji, ɗaya mai saye, ɗaya ka liƙe ka rubuta kwanan wata ka ajiye, don ranar gardama. Kuma a yi gwajin kafin kaya su bar Kano, lokacin da za ka iya mayar wa mai su. In kamfanin dubawa mai zaman kansa irin SGS ko Bureau Veritas ko Intertek mai saye ya ambata, su za su tsaya a kan lodi su ɗibi nasu.

Hajiya Mai Zoɓo, Mile 12:
Ɗana, bari in ƙara maka abin da ke faruwa cikin kwantenar kanta, don kaya na barin nan lafiya su isa a lalace. Ƙarfe ne. Rana ta dake shi, danshin kaya da na katakon ƙasa ya tashi, dare ya yi ko jirgi ya shiga sanyi, sai ya taru a rufi ya riƙa ɗiga kan buhunan sama. Can a buɗe a ga funfuna. Don haka kafin lodi mutum ya shiga ciki a rufe ƙofa, in ya ga haske na shigowa ta wani wuri a mayar da ita. A shinshina, wadda ta ɗauko sinadari ko fenti riɗi zai sha warin. A shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da bango da saman kaya, a rataya jakunkunan tsotse danshi, kada a yi lodi ana ruwa ko da yayyafi ne.

Maganin ƙwari kuma, bom ɗin da ake sa wa hatsi aikinsa sai an rufe ruf kwana biyar zuwa bakwai. A jefa yau a buɗe jibi, manyan ƙwari sun mutu, ƙwai na nan, su ƙyanƙyashe a teku. Mai lasisi zai yi, ya ba da takarda, ba yaron sito ba.

Mu 'yan zoɓo mun ga abin da ƙwaro ɗaya ke jawowa. Meziko ce ke sayen mafi yawan zoɓon Najeriya, a 2017 ta dakatar da shi saboda ƙwaron sito, aka yi shekaru kasuwar na rufe, manoman Jigawa suka ji a jikinsu. Da aka buɗe, sharaɗin shi ne turara kaya da methyl bromide ƙarƙashin kulawar NAQS a wuraren da aka amince da su. Wato kowace ƙasa da nata sharaɗin, a tambaya kafin a sayi ko buhu ɗaya. Kuma zoɓo ba nauyi gare shi ba, kwantena mai ƙafa 40 tan 12 zuwa 13 take ɗauka, saboda haka kuɗin jirgi a kan kowane tan ya fi na riɗi nesa ba kusa ba.

Na Banki, Ikeja:
Hajiya Allah ya ƙara lafiya. Ni kan biyan kuɗi zan tsaya, don nan ne baƙon da ya turo saƙo yake zama abin tsoro.

Hanyar da ta fi yawa ita ce a aika takardu ta banki, ya biya, ya karɓa. Tana da kyau in mutumin kirki ne. In kasuwa ta faɗi kaya na kan ruwa, sai kawai ya ƙi zuwa karɓar takardun. Kwantena ta sauka, kuɗin jinkiri na hawa da dala, ba ka da kowa a garin. Bayan sati biyu ya kira ya ce zai taimaka ya karɓa in ka rage kashi 15. Ba ka da zaɓi. Maganinsa kafin alƙalami, kashi 20 ko 30 kafin lodi, yadda in ya gudu shi ma ya bar wani abu. Takardar lodin jirgi kuma a rubuta ta bisa umarninka ko na banki, ba da sunansa kai tsaye ba, kuma kada ka umarci kamfanin jirgi ya saki kaya ta saƙo sai kuɗi sun zauna a asusu. Hoton rasitin tura kuɗi ba kuɗi ba ne.

LC, wato takardar da bankin mai saye ke lamunce biya da ita, ta fi tsaro, amma banki takarda yake biya, ba riɗi ba. Harafi ɗaya ya bambanta a sunan kamfani, ko nauyin da ke rasiti ya saɓa da na takardar lodi, ko jirgi ya tashi bayan ranar ƙarshe da aka rubuta, an sami saɓani, biya ya koma sai mai saye ya ga dama. In ba a rubuta wani wa'adi ba, kwana 21 gare ka bayan lodi ka miƙa takardu. Ka nemi a turo maka daftarinta kafin a buɗe, duk takardar da ka san ba za ka iya samowa a Najeriya ba a cire ta. Ranar ƙarshen lodi kuma ka ƙara mata sati uku kan abin da ejan ya faɗa maka. Ejan, a yi haƙuri.

Ejan Apapa:
Ba komai Yallaɓai, ni ma huɗu zan ce.

Baƙon Zaure:
Ni abin da na ji shi ne masu wayo ba sa rubuta ainihin farashi a NXP. Su rubuta rabi, sauran a biya su a waje. Wasu ma da takardun wani kamfani suke fita.

Na Banki, Ikeja:
Malam, wannan laifi ne, kuma ko ta fuskar kasuwa ma asara ce. Dokar Babban Banki ita ce kuɗin kayan da ba na mai ba su dawo cikin kwana 180 daga ranar takardar lodi, kuma tun Janairun 2025 ya daina amincewa da roƙon ƙarin wa'adi. Wanda bai dawo da su ba ana iya hana shi buɗe wata NXP da hulɗar canji a bankuna. Masu duba kaya sun san farashin kasuwa, rabin farashi ba ya ɓoyuwa. Sannan in kaya suka lalace, inshora abin da ka rubuta za ta duba. Mai fita da takardun wani kuma, kuɗinsa asusun wancan za su faɗa, in an hana shi ba shi da takardar kai ƙara. Ya kuma zubar da abu mafi amfani ga ƙarami, wato tarihi. NEXIM, bankin gwamnati na shigo da fitar da kaya, ko bankin kasuwanci in za su ba da rancen fitar da kaya, NXP nawa ka buɗe ka rufe lafiya suke tambaya.

Tun da aka saki naira a Yunin 2023, ribar da ake samu a bambancin canjin gwamnati da na kasuwa ta ragu ƙwarai. Haɗarin yanzu ta ɗaya gefen yake. Mutane sun saba dala kullum hawa take, suna sayen kaya da tsada suna jiran canji ya fitar da su. A kayan dala 26,600, in naira ta ƙara daraja da 100 kacal kafin a biya ka, miliyan 2 da dubu 660 sun tafi. Ka yi lissafinka da canjin da ya gaza na yau. In ribar ba ta fito a haka ba, babu ita.

Alhaji Mai Sito, Ijora:
Duk wannan ne ya sa nake ba masu farawa shawara su yi kaka ɗaya suna kai wa manyan kamfanoni kaya a sitonsu na Kano ko na Legas. Ana biya da naira cikin kwanaki, jari ya juya sau da yawa. A can za a auna, a soka buhu, a zabge maka kuɗin danshi da datti a gabanka. Makaranta ce da kuɗinta bai kai na kwantenar da aka ƙi a Mersin ba.

Hajiya Mai Zoɓo, Mile 12:
Alhaji, a nan kam ban bi ka duka ba. Ingancin kaya zai koya, gaskiya ne. Amma ba zai koyi takarda ba, ba zai san mai saye ko ɗaya ba, kuma kamfanin ne ke yanka farashi. Akwai waɗanda suka shiga da niyyar kaka ɗaya suka tsufa a ƙofar sito. Gara mutum uku ko huɗu su haɗa kwantena ƙarƙashin kamfani ɗaya ko ƙungiyar gama kai, da yarjejeniya a rubuce: wa ya kawo tan nawa, a inji ɗaya za a gyara duka, gwaji ɗaya, asara a raba bisa nauyi. Kowa ya sa rubu'in jarinsa, sauran na juyawa a gida. Sharaɗin dai kada kowa ya kawo nasa a ɗinke, don buhu goma na mutum ɗaya sun isa su jawo a ƙi na kowa.

Ɗan Maigatari:
Kuma kada a sa hannu a farashi yau a ce sai wata mai zuwa za a sayi kaya. Riɗi na sauka ne daga wajen Oktoba zuwa Disamba, da manyan masu saye sun shigo Dawanau da Maigatari farashi na iya tashi cikin sati. Masu citta sun gani a 2023 da cuta ta cinye gonakin Kachia da Jaba da Kagarko, wanda ya riga ya yi alkawari da tsohon farashi bai sami abin cikawa ba. Gwamnati ma na iya sauya doka kaya na hannunka, kamar yadda aka dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe na wata shida a Agustan 2025. Masara da ɗanyar fata da tarkacen ƙarfe dama suna cikin jerin da kwastan suka hana fitarwa. Farashin da ka ba Bature ka sa masa wa'adin kwana uku zuwa biyar, ya amsa ka sayi kaya a satin.

Ɗan Agege:
Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya. Ya ce in ba shi farashi har tashar Mersin, ba bakin jirgi a Legas ba. In yarda?

Ejan Apapa:
Kana iya yarda, har ma yana da amfani, don in kai ka kama jirgi takardar lodi hannunka take fitowa. Amma ka karɓi kuɗin jirgi a rubuce daga kamfanin, ka duba ranar da farashin zai daina aiki, ka tambayi ƙarin caje-cajen da ba sa cikin lambar farko. Ka roƙi kwanakin kyauta 14 a tashar sauka, a rubuta su. Nauyin kwantena da aka tabbatar a sikeli, wanda ya zama dole tun Yulin 2016, ka tura shi kafin a rufe karɓa, in ba haka ba tana cikin tasha jirgi zai tafi ya bar ta.

A yarjejeniyar kuma ka nemi layi biyu. Na farko, sassaucin kashi 5 sama ko ƙasa a nauyi. Na biyu, inganci da nauyi su zama na ƙarshe a wurin lodi bisa takardar kamfanin dubawa, ba a wurin sauka ba. Zai yi gardama a kan na biyun. In ya dage sai a can, to a ambaci kamfanin da zai duba da suna, kuma kafin alƙalamin ya koma kashi 30.

Malama Mai Gwaji:
Ka tambaye shi kuma ko kayan a Turkiyya za su tsaya ko gaba zai tura su Turai. In Turai ne, a ƙara gwajin salmonella tun daga Kano, kuma sakamakonsa na ɗaukar kwanaki, a sa su cikin lissafin ranar lodi.